Jagoranci ba ya jiran kujerar mitin

Kwanakin baya wani abokin aikina ya shigo ofis ransa a ɓace. Na ɗauka wani abu ne ya faru a gida. Ashe mitin manya suka yi da safe ba a kira shi ba. Ya wuni yana bin mutane da tambaya: wa da wa suka shiga, me aka ce, an ambaci sunansa? Duk wannan lokacin ma'aikata biyu da ke ƙarƙashinsa suna zaune suna jiran ya duba aikinsu su wuce gaba, bai ko waiwaye su ba. Har aka tashi takardun suna kan teburinsa.

Abin ya tsaya min a rai, domin mutumin ba malalaci ba ne, kuma ya san aikinsa. Ciwon da ya kama shi ya kama mutane da yawa. Mun sa wa ranmu cewa darajar ma'aikaci tana cikin yawan ɗakunan da ake kiransa ya shiga. In an rufe ƙofa muna waje, sai mu ji kamar an rage mana girma.

Ni dai ga inda na tsaya. Yawancin tarukan da ake yi a wuraren aiki ba sa bukatarka, kai ma ba ka bukatarsu. Nauyin mutum a wurin aiki yana fitowa ne daga abin da aka damƙa masa da yadda ya riƙe shi. Wanda ya saki wannan ya tafi farautar kujera yakan yi biyu babu: aikin ya lalace, kujerar kuma ko ya samu, maganarsa ba ta da kaifi a kanta. Akwai 'yan taruka da ya wajaba ka nemi shiga, har ka dage sai an ba ka dama, zan zo kansu. Amma ba su kai yawan da zuciya take raya mana ba.

Me ake yi a cikin ɗakin ne?

Wanda bai taɓa shiga ba gani yake a can ake yanke komai. Wanda ya saba shiga ya san yawancin shawarwari an riga an gama su tun kafin a zauna. Wani ya rubuta takardar da za a tattauna a kai. Wani ya tattara alƙaluma. Wani ya samu shugaba jiya da yamma ya nuna masa inda matsalar take. A ɗakin sai a ɗan ja, a ɗan gyara, a amince. Mutanen nan uku da suka tsara abin, sau da yawa ba ko ɗayansu a teburin.

A 2004 Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin Amazon, ya hana manyan ma'aikatansa zuwa mitin da PowerPoint, wato bayanin da ake haskawa a allo. Ya ce a rubuto bayani cikakke a takarda, wadda daga baya aka tsayar a shafi shida, kowa ya zauna ya karanta shiru kafin a fara magana. Duba ka ga hannun da ƙarfi ya koma. Wanda ya rubuta shafukan nan shi ya zaɓi tambayar da za a amsa, shi ya jera hujjoji, ko yana ɗakin ko ba ya nan.

Ga kuma lissafi mai sauƙi. In mutum biyar ne a ɗaki, hanyoyin magana tsakanin wannan da wancan guda 10 ne. In sun kai goma, hanyoyin sun zama 45. In ashirin ne, 190. Mitin ɗin awa biyu da ya tara mutum 12 ya cinye awa 24 na aiki, kwana uku ke nan cur na ma'aikaci ɗaya. Tun 1913 wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya wallafa abin da ya gano da ya sa mutane jan igiya: duk sa'ad da aka ƙara masu ja, sai ƙarfin da kowannensu yake sawa ya ragu. Haka yake a ɗakin taro. In an cika, kowa sai ya jingina da na kusa da shi, a watse babu wanda zai ce nauyin a wuyansa yake.

Shi ya sa a Janairun 2023 kamfanin Shopify na Kanada ya goge duk tarukan da ake maimaitawa masu mutum fiye da biyu daga kalandar ma'aikatansa, ya kuma ware ranar Laraba ba mitin. Su suna neman hanyar fita daga ɗakin, mu muna ɓacin rai don ba a shigar da mu ba.

Waɗanda suka juya al'amura daga teburinsu

A 1960 wata likita mai suna Frances Kelsey ta fara aiki a hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka. Ba ta daɗe da zama ba aka miƙa mata takardun wani kamfani da ke neman izinin sayar da maganin talidomaid, wanda a lokacin ake ba mata masu juna biyu a ƙasashe da dama don barci da tashin zuciya. Sabuwa ce, ba ta shugabantar kowa. Aikinta kawai ta karanta fayil ta ce ya yi ko bai yi ba.

Ta karanta, ta ga hujjojin da aka kawo na cewa maganin ba ya cutarwa ba su gamsar ba. A dokar wancan lokacin, in hukuma ba ta ce komai ba cikin kwana 60, izini ya tabbata da kansa. Sai ta mayar da fayil ɗin ta nemi ƙarin bayani. Aka dawo da shi, ta sake mayarwa. Kamfanin ya matsa mata lamba, ya kai ƙorafi wurin manyanta, ba ta sa hannu ba. A ƙarshen 1961 aka janye maganin a Jamus bayan an gano shi ke sa ana haifar jarirai da naƙasassun hannaye da ƙafafu. Yara fiye da 10,000 abin ya shafa a duniya. Amurka ta tsira daga mafi munin wannan bala'i, kuma a 1962 Shugaba Kennedy ya ba ta lambar yabo, aka kuma tsaurara dokar magunguna.

Abin da nake so a lura da shi: ba a wani babban taro ta yi wannan ba. Ikonta bai wuce sa hannu ɗaya ba, amma ta ɗauki sa hannun nan da muhimmancin da ya cancanta. Da a ce hankalinta yana kan wane kwamiti aka sa ta da wanda ba a sa ta ba, da fayil ɗin ya wuce kamar sauran.

Haka Dakta Stella Adadevoh a Legas, a Yulin 2014. Wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya kwanta a asibitin da take aiki. Ta yi zargin Ebola ce, aka matsa a sallame shi ya tafi taro a Kalaba, ta ƙi. Cutar ta kama ta, ta rasu a watan Agusta. Najeriya ta tsaya a kan mutum 20 da suka kamu, takwas suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an kawar da cutar daga ƙasar. A bakin gadon maras lafiya ta yanke shawarar da ta tsare miliyoyin mutane.

Kada a ce wannan sai likitoci. A masana'antun Toyota an kafa tsarin rataya igiya a saman layin da ake harhaɗa mota. Duk ma'aikacin da ya ga kuskure zai ja ta, shugaban rukuni ya zo da sauri, in ba a gyara ba layi ya tsaya. A 1982 kamfanin General Motors ya rufe masana'antarsa ta Fremont a Kalifoniya, wadda ta yi ƙaurin suna wajen rashin inganci da rigimar ma'aikata. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, akasarin waɗanda aka ɗauka aiki tsofaffin ma'aikatanta ne, aka ba su wannan igiyar da horon da ke tafiya da ita. Ba a jima ba motocinta suka shiga sahun gaba wajen inganci a duk masana'antun General Motors. Ba a kai ma'aikatan nan ɗakin daraktoci ba. Inda suke tsaye aka yarda da idonsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

"In ba na nan, a kaina za a yanke"

Wannan ita ce hujjar farko da za a kawo min, kuma tana da gaskiya a cikinta. Amma zama a ɗaki daban, a saurare ka daban.

Daren 27 ga Janairun 1986, injiniya Roger Boisjoly yana cikin taron da aka yi ta waya tsakanin kamfaninsa, Morton Thiokol, mai ƙera rokokin da ke ɗaga kumbo, da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Shi da abokan aikinsa sun ce kada a harba kumbon Challenger washegari, saboda sanyi zai sandarar da zoben robar da ke toshe mahaɗar rokokin. Tun Yulin 1985 ya rubuta wa manyansa gargaɗi a kan wannan zoben. Yana nan, ya yi magana, ya nuna hotuna. Manajoji suka keɓe, suka amince a harba. Daƙiƙa 73 bayan tashi kumbon ya tarwatse, mutum bakwai suka mutu.

Kujera ba ta cece shi ba, takardarsa ma ba ta hana abin faruwa ba, kuma laifin yana wuyan waɗanda suka toshe kunnensu. Na kawo labarin ne don mu daina ɗaukar kujera a matsayin maganin komai. Inda shugabanni ba sa son ji, ko a kan cinyarsu ka zauna ba za su ji ba. Inda suke son ji, saƙonka zai same su ko kana nesa.

To yaya saƙon yake shiga? Ka san wanda yake wakiltar sashenku a ɗakin, ka same shi kafin mitin, kada ka bari sai an fito. Ka ba shi abu a rubuce, gajere: ga matsalar, ga abin da za ta jawo in aka bar ta, ga abin da nake ganin a yi, ga abin da zai ci. Oga da aka ba irin wannan takarda sau biyu sau uku, ya shiga da ita ya fita kunya, shi da kansa zai riƙa nemanka kafin ya tashi. Daga nan maganarka ta fara shiga ɗakin kai kana kan aikinka.

"Wani zai cinye guminka"

Yana faruwa, kuma yana da ciwo. Ka yi aiki dare da rana, wani ya ɗauka ya gabatar, a tafa masa. Ba zan ce maka ka yi shiru aiki zai yi magana da kansa ba, domin ba gaskiya ba ne. Aiki ba shi da baki.

Ignaz Semmelweis mataimakin likita ne a sashen haihuwa na babban asibitin Biyana, babban birnin Ostiriya. A 1847 ya sa likitoci da ɗalibai su riƙa wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu naƙuda. A watan Afrilu, kafin a fara wannan, kusan 18 cikin 100 na matan da suka haihu a sashen suna mutuwa. Cikin 'yan watanni adadin ya faɗo ƙasa da 3 cikin 100. Wannan jagoranci ne daga ƙaramin matsayi, kuma ya ceci rayuka. Amma bai buga cikakken bayanin abin da ya gano ba sai 1861, shekara 14 bayan haka, kuma da aka yi masa gardama sai ya koma rubuta wa manyan likitoci wasiƙu masu zafi. Gaskiya tana hannunsa, bai iya isar da ita ba, mata suka ci gaba da mutuwa a wasu asibitocin.

Saboda haka ka rubuta, ka sa sunanka da kwanan wata. In ka gama aiki, ka aika ɗan rahoto ga wanda ya kamata ya sani. In mutanen da ke ƙarƙashinka suka yi abin kirki, ka ambaci sunayensu a gaban manya. Wannan ba fadanci ba ne. Bafade fuskarsa yake kai wa oga, kai kuma bayanin da oga yake bukata kake kai masa. Kuma a wurin aiki mutane ba wawaye ba ne. Ranar da aka yi wa mai gabatarwa tambaya ta biyu ya kasa amsawa, za a tambayi wa ya haɗa takardar.

Wani zai ce ƙarin girma na waɗanda ake gani ne. A wasu wuraren haka ne, ban musa ba. Amma ka tambayi kanka da wace fuska kake so a san ka. Akwai wanda aka sani da cewa ba ya fashin mitin. Akwai wanda aka sani da cewa in an ba shi abu an gama. In wurin aikinku na farkon kaɗai yake ɗagawa, shekara da shekaru, to matsalar ta fi ƙarfin kujera, kuma ya kamata ka fara tunanin ko nan ne wurin zamanka.

"Wannan ai cewa ƙanana su haƙura ne"

Wannan ce ta fi damuna cikin duk hujjojin, domin ana amfani da irin maganata a danne mutane. Akwai wanda ake hana shiga don mace ce, ko don yaro ne, ko don ba ya cikin shafaffu da mai, ko don yana faɗin abin da ba a son ji. A ce wa irin wannan ya koma teburinsa ya yi jagoranci daga can, ƙarin zalunci ne. Ba shi nake nufi ba.

In za a yanke shawara a kan aikin da kai za a tuhuma in ya lalace, dole a ji daga bakinka. In za a taɓa mutanen da kake shugabanta, a rage su, a sauya musu aiki ko a hukunta ɗayansu, dole ka kasance. In kana da masaniyar wani haɗari ga rai ko dukiya, kuma ka ga saƙonka ba ya isa yadda ka aika shi, ka ƙwanƙwasa ƙofa da kanka. A irin waɗannan, kawaici sakaci ne.

Sai dai yadda ake nema yana da tasiri. Wanda ya ce, "Me ya sa ba a kirana?" yana maganar kansa ne, kuma haka za a ji shi. Wanda ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji za a tattauna batun kaza ranar Talata, akwai abu biyu da na gani a wurin aikin da nake so a sani kafin a yanke, a ba ni minti goma," da wuya a hana shi. Ya shiga, ya faɗi nasa, ya fita. Wanda ya nemi shiga sau ɗaya da dalili, an fi jin maganarsa a kan wanda yake nema kullum.

Ina iyakar jagoranci da shisshigi?

Akwai masu jin an ce a yi jagoranci daga inda ake, sai su fara ba da umarni a sashen da ba nasu ba, ko su tsallake ogansu su kai magana sama don a san da su. Wannan ba ya haifar da komai sai gaba.

Malaman tarihin Musulunci sun ruwaito abin da Hubab ɗan Munzir, Allah ya yarda da shi, ya yi a yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan hijira. Da rundunar ta sauka, ya ga wurin bai yi masa ba. Kafin ya ce komai sai ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko wurin umarni ne daga Allah ko dabarar yaƙi ce. Da aka ce dabara ce, sannan ya ba da shawarar a matsa zuwa ruwan da ya fi kusa da abokan gaba. Aka karɓa. Ya fara tantance ko ƙofar shawara a buɗe take, ya kai maganar wurin mai yanke hukunci kai tsaye, ya kuma zo da mafita a hannu.

A aikin yau da kullum abin bai kai haka girma ba. Sabon ma'aikaci ya zo, kowa ya bar shi yana lalube, kai ka zaunar da shi ka nuna masa hanya. Akwai kuskuren da ake maimaitawa duk wata, kowa yana gunaguni, kai ka bi diddigi ka gano tushensa ka rubuta. Sashe biyu ba sa ga maciji, aiki yana maƙalewa a tsakani, ka tashi ka je teburin takwaranka ku daidaita. An yanke shawarar da ba ka so, ka faɗi ra'ayinka ga wanda ya dace, sannan ka aiwatar ba tare da ka zuga na ƙasa da kai ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar takardar gayyata. Su ne kuma abin da ke sa mutane su fara zuwa wurinka da tambaya tun ba a ba ka muƙami ba.

Ku kuma masu kiran mitin

Rabin wannan ciwo ku kuke jawo shi. Mutane suna rububin shiga ne saboda in ba su shiga ba, ba su da hanyar sanin abin da aka yanke sai ta tsegumi. Ku rubuta abin da aka cimma, da dalilinsa, da wanda aka ɗora wa aiwatarwa, ku aika wa duk wanda abin ya shafa a ranar. Kafin ku zauna, ku tambayi na ƙasa me suka gani. In batun mutum ya zo, a kira shi ya yi bayani ya koma bakin aikinsa. In kun yi amfani da shawararsa, ku faɗi sunansa.

Sannan ku ba mutane ikon da za su yi aiki da shi inda suke, ku tsaya a bayansu in sun yi amfani da shi. A 2001 Dakta Peter Pronovost na asibitin Johns Hopkins da ke Amurka ya tsara matakai biyar da likita zai bi kafin ya sa bututu a babbar jijiyar maras lafiya, irin su wanke hannu da tsabtace fatar wurin. Matakan ba sababbi ba ne, kowane likita ya san su. Sabon abu shi ne hukumar asibitin ta ba ma'aikatan jinya ikon dakatar da likita in ya tsallake mataki ɗaya, ta kuma mara musu baya in likitan ya yi gardama. Da aka yi amfani da tsarin a ɗakunan kula da masu tsananin ciwo na jihar Michigan, cututtukan da ke shiga jini ta bututun suka ragu da kusan kashi biyu cikin uku a wata 18.